Naɗin Tef na Bahago

Wata rana da hantsi, wani mai gyaran lantarki, Tasi'u, ya rataya jakar kayan aikinsa ya nufi gidan abincin da yayarsa ta rasu a ciki.

Kwana arba'in ke nan da rasuwarta.

Yaya Hansatu ita ta raine shi. A can take dafa dambu da alale a wata babbar tukunyar tururi mai aiki da wuta. Rannan ta kama murfin da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta ja ta. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Kuma Tasi'u ne ya girka tukunyar da hannunsa.

Ba wanda ya faɗa masa a ido, amma shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya daina taɓa wayar wuta. Ko ƙanshin dambu ya ji a layi, sai ya canza hanya.

Mutum ɗaya ne bai bar shi ba: Dayyabu, amininsa, wanda suka koyi aiki tare a shagon marigayi Malam Barau. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Shi ya zauna kusa da shi kwana uku ana karɓar gaisuwa, yana ce masa ƙaddara ce, ya daina ɗora wa kansa.

Da Hajiya mai gidan abincin ta aiko a zo a duba tukunyar, Dayyabu ya ce shi zai je, zuciyar Tasi'u ba za ta ɗauka ba. Ya nace. Ya sake nacewa.

Tasi'u ya ce a'a. Yana so ya ga kuskurensa da idonsa.

Kicin ɗin shiru. Silifas ɗin Hansatu na nan a bayan ƙofa, ba wanda ya ɗauke.

Ya kashe wuta daga tushe, ya kwance bayan tukunyar. Ya ɗora bakin mitar gwajin wuta ɗaya a kan ƙarfen da ke tafasa ruwa, ɗayan a jikin tukunyar.

Mita ta yi ƙara.

Ƙarfen ya tsage, ruwa ya shige shi, wuta tana zuba a jikin tukunyar. Wannan tsufa ne, yana faruwa. Domin irin haka ya sa bireka a bango, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zuba.

To me ya hana ta yankewa?

Ya buɗe akwatin bango.

An tsallake birekar. Wani ya sa guntuwar waya ya haɗa sama da ƙasa, ya naɗe da baƙin tef.

Ƙarshen tef ɗin a lanƙwashe yake, ɗan kunne, don a ji daɗin warwarewa. Koyarwar Malam Barau ce. Mutum biyu suka rage a garin nan masu yin haka: shi da Dayyabu.

Amma wannan naɗin ta hagu ya zagaya.

Dayyabu bahago ne.

Hajiya tana kuka ta ce satin da Tasi'u ya yi tafiya Gusau, aikin biki ya faɗo musu, wutar sai yankewa take, ta kira abokinsa. Minti goma ya yi ya ce an gama.

Tasi'u ya zaro wayar da tef ɗinta, ya tafi shago. Ya sami Dayyabu yana cin abincin rana, har ya matsa masa kwano.

Tasi'u ya ajiye wayar kusa da kwanon.

Dayyabu ya dube ta. Loma ta tsaya a hannunsa.

"Na kwana ɗaya na yi, Tasi'u. Na ce gobe zan dawo in cire. Na manta."

"Mantuwar na yafe. Kwana arba'in kana kallona ina cewa ni na kashe ta."

"Tsoro na ji."

"Da wannan hannun ka shafa bayana."

Tasi'u bai ɗaga murya ba. Ya koma gidan abincin, ya sa sabon ƙarfe, ya mayar da bireka, ya gwada ta sau uku, sau uku tana yankewa.

Sannan ya ɗauki silifas ɗin yayarsa ya tafi gida.

Darasi: In abin tsaro yana yanke maka aiki, magana yake yi, ka nemi dalili, kar ka toshe masa baki. In kuma hannunka ya yi ɓarna, ka faɗa da bakinka. Kar ka bar wani ya ɗauki laifinka kana gefe kana ba shi haƙuri.

Ka tura wa duk mai taɓa wayar wuta da ka sani. Wanda ya karanta, ya yi wa Hansatu addu'a.