Mato Mai Rijiya da Ranar da Na Saki Bango

Bana shekara ashirin cif da muka kai yayana Mato makwancinsa, gabas da rijiyar da ta kusa cinye mu, ni da shi. Da shekara biyar baya ne, da sai na nemi mai rubuta mini wannan takarda. Yau da hannuna nake rubutawa, bayan rani huɗu ina zaman tabarma a ajin yaƙi da jahilci. Gemu ba ya hana ilmi. In magana ta karkace a yi mini haƙuri, hannun ya fi sabawa da dagi a kan alƙalami.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Garagumsa, kuma ginar rijiya muka gada. Mahaifinmu ya rasu da wuri, sai abokin aikinsa, Baba Ilu, ya koya mana sana'ar. Mato ya girme ni da shekara bakwai, ya kuma fi ni komai a aikin. Yakan ɗanɗana ƙasa a harshe ya ce saura gaba biyu a tarar da ruwa, kuma haka za a tarar. Daga Dakusa har Zermu, in aka ce Mato Mai Rijiya, ba a tambayar wane ne.

A wancan zamani maginin rijiya ba ya sauka haka kawai. Sai ya ɗaura layu a damtse da ƙugu, sai an yanka jan zakara a bakin ramin don mazauna ƙasa su ba da hanya. Masu riƙe igiya ma ba za su taɓa ta ba sai sun ga an yi, don sun yarda in an tsallake, masifar kan mai riƙo take faɗawa. Limamin garinmu ya sha faɗa cewa yankan nan ba addini ba ne, amma tsoro ya riga wa'azi shiga gari.

Wajen shekara huɗu kafin 'yancin kai aka kira Mato birnin Damagaram ya gina rijiya a gidan mishan. Ƙasar wurin dutse ce, aikin ya ci wata bakwai. Akwai wani mai wa'azi, Bahaushe daga kudu, da yakan zauna a bakin ramin yana taya jan kwandon ƙasa, suna hira, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da Mato ya dawo gida, damtsensa ba laya ko ɗaya. Ya naɗe su a tsumma, ya durƙusa ya miƙa wa Baba Ilu da hannu biyu, ya ce: "Baba, na gode da riƙo. Na sami wanda zai riƙe ni. Na bi Yesu Almasihu."

Baba Ilu bai zage shi ba. Ya dai ce: "Ka saki reshe ka kama ganye, ɗana." Innarmu ta yi kwana uku ba ta ci tuwon kirki ba. Ni kuwa kunya ta hana ni zama a dandali. Daga ranar ba mai riƙe masa igiya. Mutumin da ake aiko doki a ɗauka ya koma noman gyaɗa da saƙar igiyar rama yana kaiwa kasuwa. Bai yi fushi da kowa ba. Duk igiyar da muke sauka da ita shi yake saƙa ta, kuma kafin in fita aiki sai ya bi ta gaba-gaba da yatsa yana duba inda ta ci.

A bazara ta biyu bayan haka, tsohuwar rijiyar garinmu ta ƙafe, aka ce a yashe ta a ƙara mata zurfi. Ni aka sa. Mato ya zo ya leƙa, ya ce bangon ƙasa rairayi ne, a jera itace tukuna. Na ce masa a gaban mutane: "Yaya, ka riƙe shawararka. Ni da kayana a jikina." Na buga damtsena, layu suka yi ƙara, aka yi dariya. An yanka zakara, na sauka gaba goma sha takwas.

Hantsi bai gama ɗagawa ba bangon ya zubo. Rairayi ya binne ni har ƙirji, ya danne igiyata, hannun hagu ya maƙale. Ina ganin bakin rijiyar can sama kamar faifai, ina jin ihu, amma numfashi ya ƙi isa in amsa. Daga baya aka gaya mini cewa maza sun fi ashirin a wurin, duk da layunsu, ba wanda ya ce zai sauka. Ban ga laifinsu ba. Kowa ya san rijiyar da ta zubo sau ɗaya tana da ta biyu a baki.

Mato ya baro gona a guje da sabuwar igiya biyu a kafaɗa. Ya ɗaura ɗaya a ƙugu, ya miƙa bakinta, ba wanda ya karɓa. Sai Baba Ilu, da tsufansa, ya tofa yawu a tafi ya kama, ya juya ya ce: "Ku matsorata, in masifa ce ta fara da ni. Ku kama!" Suka kama. Wannan ina alfahari da shi har gobe, da yayana da mutanen garinmu duka.

Ya sauko a hankali, bai taɓa bango ba ko sau ɗaya. Ya tone ni da ƙwarya da yatsunsa, ya zarga mini igiya ta biyu a ƙarƙashin hammata, ya ɗaure, ya girgiza ta. Aka fara ja. A nan na yi kuskuren da duk maginin rijiya ya san bai kamata ba, kuma duk maginin rijiya yakan yi in tsoro ya kama shi. Akwai 'yan ramuka da muke sarawa a bango don sa ƙafa. Na fara laluben su, ina kafa ƙafa, ina cafkar bango da hannu, wai ina taimakon masu ja. Duk inda na taɓa sai ya ɓare ya zuba kan Mato. Na ji wani dutse ya same shi, na ji ya yi nishi.

Ya ɗaga murya: "Habu! Saki bangon nan, za ka binne mu duka!" Na ce: "Yaya, zan faɗo!" Ya ce: "Ni na ɗaura ka. Ka zama guga, ɗan Inna. Ka taɓa ganin guga yana hawa da ƙafa?"

Ban san abin da ya fi wannan wuya a rayuwata ba. Na runtse ido, na janye hannu da ƙafa, na bar dukan nauyina a kan igiyar da ban saƙa ba, da ƙullin da ban ƙulla ba, da hannayen da ba na gani. Na yi ta juyawa a tsakiyar rami kamar guga har na ji an cafke ni a sama. Sannan aka jawo Mato. Dutsen ya fasa masa ƙashin ƙugu. Bai sake tafiya daidai ba har ya bar duniya.

Yana jinya ina zaune kusa da shi, na ce ya cece ni kamar yadda yake cewa Almasihunsa ya yi. Ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi. Ya ce: "Kai ƙanena ne, in ban sauka ba me zan gaya wa Inna? Shi Almasihu ya sauko ne saboda waɗanda ba su ma kira shi ba, kuma bai tsaya a karayar ƙugu ba, ransa ya bayar, ya kuma tashi daga matattu." Ya ce duk ɗan Adam a gindin rijiya yake saboda zunubi, bangon kuma rairayi ne. Kyawawan ayyuka suna da kyau, amma wurinsu a sama ne, bayan an fito, don godiya. Ba su ne matakala ba. Ya ce mutanen da ke bakin rijiya ranar nan duk sun san igiyarsa tana da ƙarfi, amma sanin bai fitar da kowa ba. Wanda ya sake mata nauyinsa shi ya fito. Abin da yake kira bangaskiya ke nan.

Da aka ɗaga sabuwar tuta a Damagaram ranar 'yancin kai, ya tafi kallo da sandarsa. Wani abokin wasanmu ya tsokane shi: "To Mato, kwamandan Nasara ya naɗe kayansa. Ba sai ka dawo gida ba?" Ya ce: "Allah ya kai shi lafiya. Ai ba shi ke riƙe da igiyata ba." Shekara uku bayan haka tari ya kwantar da shi, ƙurar ramukan da ya shaƙa tun yana saurayi. Masu bin Almasihu shida suka zo daga birni, mutanen gari suka gina kabarin, Baba Ilu ya auna tsawonsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ana sauke zoben siminti a rijiya, bango ba ya zubowa, kuma mota takan zo ta huda ƙasa cikin kwana biyu a kafa famfo. Na san zai zagaya injin nan sau goma yana jinjina kai, don ba ya ƙin sabon abu. Zai yi murna ya ga majami'a a birni da rufin kwano, da yara masu karatun boko a lakwal. Amma na ga wasu samarinmu suna rataya gicciye a wuya suna shafa shi in za su shiga mota, na kuma ji masu lissafa azuminsu da baikon da suke bayarwa a majami'a kamar da su za su fanshi kansu. Ina jin zai ce musu a hankali, yadda ya saba, cewa har yanzu suna laluben bango.

Ba ni da bakin yi musu dariya. Ni da aka jawo da igiya, na ƙara shekara tara bayan rasuwarsa da layuna a damtse kafin in karɓi baftisma. Bai gani ba. Bai taɓa matsa mini ba, sai dai in na zo gaishe shi ya ce: "Habu, igiya tana nan."

Abin da ya bari kaɗan ne. Dagi ɗaya, sanda, da littafinsa na masu bi, wanda bai iya karantawa ba sai dai a karanta masa. Saboda littafin nan na shiga aji da furfurata. Rijiyar kuma tana nan, an sa mata siminti, Musulmi da Kirista suna sha, kowa na kiranta Rijiyar Mato. A cikin littafin na tarar da silin rama ɗaya da ya sa alama. Bara na kai shafin, na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Maganar ita ce wadda ya yi mini a gindin rijiya: ceto kyauta ne, ba aikin hannun mutum ba, ana karɓarsa ne da bangaskiya. Na mayar da silin inda ya sa shi. Yaya, na daɗe, amma na saki bangon.