Goron Madugu Ya Tsallake Ni

Gagarawa

Mun bar Gagarawa kafin asalatu a ayarin Madugu Isa, jakuna ɗauke da gero, za mu Maigatari sayen kanwa. Ni ba ni da kaya sai bakina. Shekara da shekaru ni ne mai hirar ayarin nan: in aka ya da zango, madugu ya fasa goro ya miƙo mini ɓarin farko, sannan in buɗe baki. Wanda ya karɓi ɓarin nan shi ke hawan jakin madugu, shi ke cin akushinsa, kuma da shi ake sake tafiya.

Gumel

A nan wani tsohon majemi mai suna Gambo ya biyo mu da ƙullin fatu, warinsa na riga shi isowa. Da azahar muka sauka gindin tsamiya, aka dama fura. Na zuba musu labarin ɗan sarkin aljanu, na cika shi da dawaki da zinariya har ni kaina na yarda da shi. Ina rufe baki madugu ya ce, "Baba Gambo, ina labarin ƙauyenku bayan yunwar nan?"

Tsoho ya ce, "Na shiga da hantsi. Ba ƙarar turmi, ba hayaƙi. Kare bai yi mini haushi ba. Na yi sallama a ƙofar ƙanwata, ba a ce wane ne ba."

Iyakarsa ke nan. Bai ce kowa ya mutu ba, amma masu korar jaki suka ajiye ludayi. Ni da na kusa tsage maƙogwaro ban taɓa sa mutum ya bar fura ba. Kishi ya turnuƙe ni, har goron bakina ya koma gari.

Maigatari

Dogaran bakin iyaka suka laluba kayanmu suka sallame mu. Tun daga hanya nake bitar salon tsohon nan, na ce ai ba wuya, cire wa labari kaya ne kawai. Da aka zauna na fara: "Wani gari ne, ba sarki, ba doki, ba zinariya, ba aljani."

Wani mai korar jaki ya ce, "To, Malam Audu, me ya rage mu saurara?"

Aka bushe da dariya. Madugu ya fasa goro, hannunsa ya wuce ta gaban hancina ya tsaya a kan majemi.

Sule Tankarkar

A hanyar komawa da ƙafa na iso, rairayi na cin dugadugaina, Gambo yana bisa jakin da na saba hawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, sau biyu yana sauka yana cewa, "Hau, ɗana, ni na saba." Na ƙi. Da ya yi mini gori da na sami abin riƙewa.

Gida

Na gode Allah da ya maido ni lafiya, ban kuwa gode wa kowa ba bayan shi. Matata Ladi ta kawo ruwa ta ce, "Malam, yaya hanya?"

Na ce, "Ba a zage ni ba. Ba a hana ni tuwo ba. Da za mu rabu, madugu bai faɗa mini ranar tashi ba."

Ta ajiye ƙwarya a hankali, idonta ya ciko. Karon farko ke nan da maganata ta taɓa mutum haka, kuma da bakin majemin nan na yi ta.