Cokali Mai Koriyar Ƙubba

Har yau idan na ji ƙaramin cokali yana bugun gefen kofin gilashi, sai gabana ya faɗi. Kwanan baya ma a wani gidan abincin mutanenmu da ke Bronx, a birnin New York, wani dattijo yana motsa shayinsa a bayana, ƙil-ƙil-ƙil, na ajiye lomar da na ɗauko, ban iya kai ta baki ba. Mai karatu, ka yi mini haƙuri, karatuna bai yi nisa ba, kuma ni mutum ne mai yawan waswasi. Amma wannan tsoron yana da mafari.

Ban daɗe da gama firamare a zangon Kumasi ba babana ya rasu. Sai aka kawo mu New York, ni da Kaka mahaifiyarsa, wurin Goggo ƙanwarsa. Gidan yana unguwar Mount Hope, can saman wani tsohon bene mai warin albasa da jiƙaƙƙen takalmi. Ni da Kaka ɗaki ɗaya muke kwana, kusa da hita, abin ɗumama ɗaki, mai huci kamar kububuwa. Maigida take kirana, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza. “Maigida, yau ma ba cefane?” Ni kuwa in ce ai na sake ta tun a jirgi.

Kaka ba ta cika kukan sanyi ba. Abin da ke cin ranta jerenta ne da ta baro a gida: samira, langa da fanteka, waɗanda ta tara tun tana amarya, an jera su har kusa da rufi. Takan dubi farin bangon ɗakinmu ta ce ɗakin mace ba jere kamar fuska ce ba ido.

Goggo aikin kula da tsofaffi take yi. A lokacin tana duba wata tsohuwar Baturiya a wajen titin Grand Concourse, wadda ta yi rayuwarta tana tara ƙananan cokula. Duk garin da ta je sai ta sayo ɗaya, waɗansu kuma gadonsu ta yi daga mahaifiyarta. Da ’ya’yanta suka zo mayar da ita gidan tsofaffi, ta cika wa Goggo hannu da su. Kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, an yi masa zane da wani fenti mai santsi da ƙyalli irin na samira: wannan gada, wannan jirgin ruwa, wancan furanni shuɗaye. Kaka ta baje su a kan darduma tana tafa hannu.

“Ashe su ma Turawa suna jere!”

Goggo ta kafa musu katako a bangon ɗakinmu, aka rataye su. Amma guda ɗaya Kaka ta hana a rataye. A cikinsa akwai zanen gini mai koriyar ƙubba, ta ce Madina ce. Ba ta taɓa zuwa Hajji ba, kuma ta san ƙafafunta ba za su kai ta ba. Daga ranar, da shi take shan zuma da habbatus sauda kowace safiya, da shi take motsa shayi, kuma idan alhazai sun kawo tsarabar Zamzam, da shi take kurɓa kaɗan-kaɗan. Takan lumshe ido ta ce, “Yau ma na sha daga Madina.” Wankinsa aikina ne. A kicin Goggo ta ja mini kunne, “Kada ka sa masa soson ƙarfe, azurfa ce tsantsa.” Kaka tana ɗaki, ba ta ji ba.

Ranar Asabar muna zuwa Islamiyya a wani masallaci da ke saman shago, kusa da Fordham Road. Malaminmu mutumin Nijar ne, mai sanyin murya. Wata rana, ganyen itatuwa ya fara zuba, yana koya mana ladubban cin abinci: a yi bisimilla, a ci da dama, a ci na gabanka. Sai ya ce Musulmi ba ya ci ko sha da kwanon zinariya ko na azurfa, wanda ya yi kuwa wutar Jahannama yake kwankwaɗa wa cikinsa. ’Ya’yan Goggo suna baya suna tsunkulin juna, ba su ji ba. Na ɗaga hannu.

“Malam, har cokali?”

“Har cokali, yaro.”

Ban san yadda na sauko daga benen nan ba.

Za ka ce me ya hana ni faɗa. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba addini, kuma Kaka ce ta koya mini Fatiha. In na gaya wa Goggo, kamar na ce ta kawo wa uwarta wuta ne. In na gaya wa Malam, na tona asirin gida. Sai na koma dabara. Na wanke cokalin na tura shi can ƙarshen durowa, Kaka ta sa aka nemo. Na kawo mata na roba, ta ce, “Maigida, talauci ne ya kama ka?” Na ce zanen zai goge in ana yawan wankewa, ta ce Madina ba ta gogewa.

Da sanyi ya kankama, sai ta fara dafe ƙirji bayan ta ci abinci. “Wuta ce a nan,” in ji ta, “kamar an zuba garwashi.” Goggo ta ce ƙwannafi ne. Ni na san ba shi ba ne. Na daina cin abinci sosai. Ina zaune a aji, malama tana Turancinta da ba na kamawa, ni ina lissafin yadda wuta ke fara cin mutum tun yana da rai. Idan hita ta yi huci sai in waiga in dubi bakin Kaka, ko zan ga hayaƙi. Idan ta yi barcin rana nakan tsaya a kanta ina kallon zanenta yana ɗagawa yana sauka. Ina wanke cokalin ina istigfari, don ban sani ba ko mai wankewa ma yana da kaso.

Wata ranar Juma’a na dawo daga makaranta, ƙanƙara ta rufe titi, na tarar da ita ita kaɗai, ta jingina da bango, gumi a goshinta. Ta ce in miƙo mata Zamzam da cokalinta ko wutar ta lafa. Na zuba, na miƙa. Ta kai baki ke nan na fashe da kuka.

“Kaka, azurfa ce! Malam ya ce wuta ce!”

Na zaci za ta yi dariya, ko ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta san hukuncin sarai, tun kafin a haifi babana. Cokalin ne ba ta san ko na mene ne ba, ta ɗauka dangin samira ne. Ta furzar da ruwan a gefen zanenta, ta ajiye cokalin a ƙasa a hankali, tana salati. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kaka ba sai ranar, kuma ya fi duk abin da na yi ta hangowa muni.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin sanyi.”

“Tun kafin sanyi.” Ta daɗe tana kallona. “Kai wane irin miji ne? Kana ganin matarka tana shan wuta, kana wanke mata cokali?”

Ta so ta mai da shi wasa, amma muryarta ta ƙi.

Mijin Goggo, direban tasi ne, ya je ya tambayi liman. Liman ya ce abin da aka yi cikin rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi, Kaka ta daina kawai. Likita kuma ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta goro da barkono. Goggo ta juya bayan cokalin ta karanta, ta ce sunan wani gari ne a ƙasar Turawa, ba Madina ba. Da ma ta bar wannan a cikinta. Kaka ta sa aka kwashe cokulan duka daga bango, ɗakin ya koma fari. Ba ta ƙara shan zumar safe ba, ko da wane cokali. Ƙirjin ya lafa, amma har ta rasu, takan kira ni ta ce, “Maigida, liman cewa ya yi babu laifi ko?” In ce babu. Ta ce, “To, sake faɗa.”

Yanzu na girma, ina aiki a shagon kayan abinci na mutanenmu, ina da ’ya’ya masu amsa mini Hausa da Turanci. Matan yanzu ba sa jere, ba wanda zai hau jirgi da fanteka. Amma cokulan nan ba su ƙare ba. Tsofaffin Turawa suna mutuwa, ’ya’yansu suna zubar da kayansu, sai ka gan su a teburin masu gwanjo a bakin titi, cikin tarkacen maɓallai da agogo. Wata rana na ga wata baiwar Allah da hijabi, da jariri a keke, tana juya ɗaya a hannu, tana gwada girmansa da bakin yaron. Na buɗe baki in yi magana, kunyar nan ta dā ta riƙe ni. Da ta ajiye don ta duba wani abu, na ɗauke na biya na wuce.

Tun daga nan duk inda na gani sai na saya. Na cika akwati, har na iya gane tsoho da sabo, da hatimin da ake bugawa a bayan na azurfa. Matata takan ce, “Malam, kai kaɗai za ka saye cokulan New York?” Kwanaki kuma na ji ana cewa ajiye su ma akwai magana a kai. Ban tambayi liman ba tukuna. Ina tsoron ya ce in rabu da su, don ban san inda za su tafi daga hannuna ba in ba bakin wani ba.