Ranar da albasa ta nuna wa Baba fuskar mahaifinsa

Ko zan manta sunana, ba zan manta hutun da na zo gida Goronyo daga karatu a Turkiyya ba. Bincikena kan kalma ɗaya ne tak: sunan albasa a bakin kakannin Turkawa. Wasu jikokinsu na cewa sogan, wasu sugan, wasu suhan, sai masana suka jera su suka gano uwar da ta haife su. Ba wanda ya taɓa ganin ta a rubuce, shi ya sa ake ɗora mata alamar tauraro in za a rubuta ta.

A rumfarsa ta albasa na yi wa Baba wannan bayani, ina ta rawar kai. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Wa yaj ji ta? Ba kowa? To ƙarya anka tura ki koyo. Ba ki komawa." Ga shi saura mini shekara guda in gama.

Goggo, yayar Baba, tana gefe tana ware ruɓaɓɓu. Ita kaɗai ta rage da ta san kakanmu, wanda ya rasu Baba na ciki, ko hoto bai bari ba. Kawai ta miƙe ta sa a tara mata dangi. Ta jera mu a rana, har da yayyen Baba masu furfura, waɗanda suna ƙanana kakan ya rasu, tana kama kunnen wannan, tana juya hancin wancan. Wani cikinsu ya nemi zillewa, ta jawo shi da riga, wai goshinsa take so, sauran ya tafi da abinsa. Dariya muka yi ta yi har ina riƙe ciki.

Ta sa Baba ya faɗi abin da ya fi yawa a cikinmu. Ya bi layin yana duba mu, ya ce manyan kunnuwa, wushirya, da gira a haɗe.

"To ka ga babanka," in ji Goggo. "Hakanan yake. Kai ma ƙarya ka yi?"

Baba ya taɓa kunnensa, idonsa ya kawo ruwa. Daga nan cewa ya yi in koma in gaishe da tsohuwar kalmar.

Na koma, na gama. A rumfar nan na gane cewa abin da ya bar zuri'a bai ɓata ba, a fuskar 'ya'yansa ake neman sa. Ni kuwa kunnuwan da nake ɓoyewa da ɗankwali, tun daga nan na daina jin haushinsu.