Shekarar da Mai Otal Ya Buɗe Ƙofa

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a Batsari, Kirsimetin da na ƙwace wa wani dattijo otal ɗinsa ba za ta taɓa fita raina ba.

Aikin koyarwa ne ya kai ni garin. Mu Kiristocin wurin ba mu da yawa, galibi ma'aikata ne da aka turo, sai 'yar majami'armu mai rufin kwano. Kowace shekara muna wasan haihuwar Yesu, kuma tauraron wasan wani dattijon ikilisiya ne da ke fitowa a mai otal. Zai rataya tawul a kafaɗa, ya turo tumbi gaba, ya daka wa Maryamu da mijinta Yusufu tsawa, "Babu wuri!" Yara su yi ta birgima don dariya. Shi kuwa ji yake da rawar nan kamar gadon ubansa.

A shekarar da aka ɗora mini shirya wasan, 'yan bindiga suka tarwatsa mutanen wajen Runka. Cikin waɗanda suka gudo akwai wata mace mai tsohon ciki da uwar mijinta. Mijin an tafi da shi daji. A barandar makarantarmu suke kwana, ga sanyi, ga haihuwa ko yau ko gobe. Ni kuma ɗaki guda muke cunkushe da wasu malamai mata, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Sai na roƙi dattawa su ba su ɗakin da ke bayan majami'a.

Dattijon nan ne ya amsa. "Malama, ɗakin nan mun ajiye wa baƙon fasto. Kuma ba mu san su ba. Ko Ubangijinmu da ya zo, otal a cike ya tarar. Haka duniya take."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don dai yana babba ne na haɗiye. Kafin in shiga koyarwa na ɗan taɓa makarantar tauhidi, inda aka koya mana Helenanci, yaren da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Abin da na tsira da shi bai fi cikin cokali ba, amma ranar ya yi mini rana.

Da muka taru gwajin wasa na ce, "Baba, bana babu otal."

"Ina kika kai shi? Littafina na Turanci otal ya ce."

"Masu fassara ne suka sa haka, Baba. Kalmar asali kataluma ce, ɗakin baƙi na cikin gida. Da ita aka sake kiran ɗakin da Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa. A labarin Basamariyen kirki, inda ake nufin masaukin matafiya na haya, wata kalma dabam aka sa."

Ya taɓe baki. Na ga Helenanci kaɗai ba zai tuƙa tuwon ba, sai na biyo masa ta gida. "Yusufu garin kakanninsa ya je fa. Baba, kai a ƙauye ka tashi. Ɗan dangi ya zo da mace tana naƙuda, ɗakin baƙi ya cika, a garinku korarsa ake yi?"

"Allah ya kiyaye! Cikin gida ake shiga da ita wurin mata, ko da awaki za a matsar."

"To, ka ga inda komin dabbobin da aka kwantar da jariri Yesu ya fito."

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Sai ya cire tawul ɗin ya ajiye a benci ya fita, ko sallama babu. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ɗaki, na rasa ɗan wasa.

Ranar Kirsimeti da hantsi majami'a ta cika, baƙon fasto na zaune a gaba. Masu wasan Yusufu da Maryamu suka ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ga dattijo da tawul ɗinsa, ya turo tumbi kamar kullum. Yara har sun fara washe baki.

Ya ce, "Ɗakin baƙi ya cika." Sai ya wangale ƙofar. "Ku shigo cikin gida. Uwargida, a matsar da awakin nan!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure da tafi. Ni kuwa hawaye kawai nake, ina dariya. Ana tashi, bai ko cire tawul ba ya kira matarsa, suka nufi makarantarmu, rabin ikilisiya na biye da su.

Bayan doguwar gaisuwa ya faɗa wa tsohuwar, uwar mijin, abin da ya kawo shi. Ta dube shi a tsanake ta ce, "Malam, mu fa Musulmi ne."

"Na sani, Iya. Akwai buta, akwai tabarma, gabas kuwa tana nan inda kika san ta. Ku taho."

A ɗakin matarsa aka haihu, namiji. Ranar suna liman ya zo ya raɗa suna a ƙofar gidan, dattijo na ta kai da kawo da tabarmin baƙi. Har na bar Batsari uban yaron bai dawo ba, wannan kam yana ci mini rai har yau.

Abin da na koya shi ne, kalmar da aka fassara a karkace tana iya zama mafakar mai son rufe ƙofa, a yi ta tafa masa shekara da shekaru. Tun daga ranar ba na jin kunyar tambayar abin da asali ya ce, domin na ga kalma guda ta ɗauke mai ciki daga baranda ta kai ta ɗaki.