Jajayen Ganyen Lauz

Rafi'u ya yi shekara goma sha tara yana sayar da ruwa a Jidda, garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa, har kafaɗar ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Mutumin Kazaure ne, ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. A 1968 aka ja famfo zuwa gidajen da yake kai wa ruwa. Jama'a suka yi murna, shi ma ya taya su.

Wani ɗan kasuwa a Sharafiyya, Abdulghani, ya ɗauke shi aikin lambu, ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa wurin hukuma. Lambun dai itace ɗaya ne, lauz ɗin Indiya mai ganye kamar faifai. Ranar da Abdulghani zai tafi Beirut ya nuna itacen da carbinsa.

"Wannan na mahaifiyata ne. In wani abu ya same shi, ya sami iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan. Ka gane?"

"Na'am, ya ammi," in ji Rafi'u, yana ce masa baffa da Larabci, alhali ya girme shi da shekara goma.

Bayan azumi iska ta ɗan yi sanyi, abin da mutanen Jidda ke kira hunturu. Wata safiya ganye ɗaya ya yi ja. Kashegari biyar. Rafi'u ya san itace na kakkaɓe ganye da kaka, idan ruwa ya ɗauke. Amma itacen da ke shan garwa huɗu kullum ba shi da wannan hujjar, saboda haka ciwo ne. Ya mai da garwa takwas. Ya ɗebo kashin awaki daga kasuwar dabbobi. Ya karɓo rubutu wurin wani malami a Sa'alaba, ya kurɓi kaɗan, ya zuba sauran a gindin itacen. Ganye ya ci gaba da ja kamar an ƙunsa masa lalle, Rafi'u na tsaye a ƙasa da garwa a hannu yana kallo.

Matarsa Mastura, haifaffiyar Jidda, mai kiransa da sunan 'yarsu, ta ce, "Ya Abu Zakiya, wallahi da ni kake wa wannan hidima da tuni na yi ƙiba."

"Ke ba ki riƙe da takardata."

"To ka tambayi tsohuwar mana, uwar maigidan naka."

"In hau bene in ce mata na kashe mata itace?"

Sai ya yi dabara. Kullum da an idar da asuba yakan kifa garwa ya hau, ya tsinke duk ganyen da ya fara ja, ya cusa a buhu, da yamma ya kai gida. Akuyar Mastura ta shinshina ta kau da kai. Cikin mako uku itacen ya koma tsirara, sai ɗan tukku a sama inda hannu bai kai ba. Amma babu ja ko ɗaya da za a nuna da yatsa.

Abdulghani ya dawo, ya hau wurin mahaifiyarsa, ya sauko da sauri.

"Ya Rafi'u! Ina ganyen?"

"Ba shi da lafiya, ya ammi. Ja yake yi."

"Ja yake yi! Kowace shekara ja yake yi, ya zube, ya sake fitowa! Mahaifina ya dasa shi. Matar nan ba ta iya saukowa da ƙafarta, wata goma sha ɗaya take zaune bayan taga tana jiran jan nan. Bana sai kai ta gani a kan garwa. Ta ce sayarwa kake ga masu magani."

Rafi'u ya fara bayanin yadda itatuwan Kazaure suke. Bai kai rabi ba.

"Halas, an gama. Ka nemi wani kafilin."

Iƙamar za ta ƙare bayan sallar layya, wata biyu ke nan. Ya sa farar rigarsa ya bi gidajen masu hali ɗaya bayan ɗaya. Gida bakwai suka dubi furfurarsa suka ce Allah ya buɗa. A na takwas maigidan ya fito da kansa, da alama yana neman mutum da gaske.

"Ka san aikin itatuwa?"

Rafi'u ya daɗe yana tunani. Shi ba mutum ne mai ƙarya ba.

"A'a," ya ce.

Aka rufe ƙofa a hankali.