Gadar Katakon da Na Gyara wa Yayana

Edita, ina yi maka sallama da kai da masu karatu. Ni tela ce a Arlit, kuma lokacin da abin nan ya faru gani nake duk danginmu babu wanda ya kai ni iya jinya. Halina ne tun ina yarinya, ba na iya ganin mutum yana fama da abu in tsaya kallo. Ko zare ka kasa sa wa allura, kafin ka sake gwadawa na fizge na sa maka. Mutane suna cewa ina da zuciyar taimako, ni ma ina jin daɗin a faɗa, har sai da halin nan ya kusa kwantar mini da yayana.

Iyayenmu 'yan Damagaram ne, aikin haƙar yuraniyom ya kawo babanmu Akokan, nan kusa da Arlit, a gidajen kamfani aka haife mu. Muna yara wani maƙwabci da zai bar gari ya bar mana tsohuwar na'urar wasa irin wadda ake jonawa da tele, da kaset ɗaya tak. Wasan wani ɗan mutum ne mai gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka yana hawa duwatsu. Yaya ne gwani. Ni ba ya ba ni, wai na cika rawar kai, aikina kawai in zauna gefensa ina ihun ya yi tsalle. A cikin wasan akwai wata gadar katako, duk katakon da ka taka sai ya rufta, in ka yi jinkiri ka bi shi ƙasa. Yaran unguwarmu duk a nan suke ƙarewa. Yaya kuwa har rufe ido yake yi ya haye, don dai ya ba mu haushi.

Da ya girma ya gaji babanmu, ya yi shekaru yana aiki a ramin haƙar yuraniyom na ƙarƙashin ƙasa. Bayan an rufe ramin ya dawo Arlit kusa da ni, yana gyara wa masu lambu injin ban-ruwa. Ana haka hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi. Likita ya ce akwai fata in ana motsa yatsun kullum, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Yaya ya cilla ta bayan gado. Ni da matarsa muka ɗaura ɗamara. Mu sa masa riga, mu yayyanka masa nama, mu zuba masa ruwan alwala. Ko tari ya yi na riga na miƙe. Mutumin da ke cika gida da gardama ya koma sai i da a'a.

Wata rana wani tsohon abokin aikinsa, Ba'abzine da ya koma tuƙin mota zuwa Cibarakaten, wurin haƙar zinariya, ya zo dubiya da 'yar na'urar wasa ta hannu, mai allonta a jiki. Ya ce wurin masu kawo kaya daga Aljeriya ya gan ta, kuma ya tuna yadda Yaya ke damun su a wurin aiki da labarin wata gada. Ashe wasan nan ne aka sake shi sabo, launinsa tas, amma kiɗansa bai canza ba. Kiɗan na tashi na ga gefen bakin Yaya ya motsa. Babban yatsan hagu ne ke tafiyar da ɗan mutumin, na dama ke sa shi tsalle. Abin da likita ya roƙa bai samu ba, sai ga Yaya yana yi da kansa kullum bayan la'asar a inuwar zaure, yana ja yana tsaki.

A hankali ya wuce matakan farko har ya iso gadar, nan ya maƙale. Gadar tana son ka danne da yatsan hagu ba sassautawa, nasa kuwa a tsakiya yake zamewa. Ya faɗa, ya sake, ya faɗa. Ina kan keken ɗinkina da na kawo gidansa ina jin kiɗan faɗuwar nan yana sukar zuciyata. In ɗago in ga gumi a goshinsa. Na tuna yaron da ke haye ta ido rufe, tausayi ya cika ni. Ranar wata Juma'a da aka kai shi masallaci na ɗauki na'urar. Na yi lakwal, wato boko, ina karanta Faransanci, na shiga wurin saituna na ga sabon abin da masu ƙera wasan suka ƙara saboda 'yan koyo: in ka kunna shi, katakon ba ya saurin ruftawa. Na kunna na mayar inda na ɗauka, ina ganin na yi aikin lada.

Da la'asar ya ɗauka, sau ɗaya ya haye. Na rangaɗa guɗa har matarsa ta fito da ludayi a hannu. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya sake komawa farkon gadar, ya tsayar da ɗan mutumin a kan katako ya ɗauke hannu, katakon ya tsaya yana jira. Ya dube ni ya ce ya san gadar nan tun ban yi famfara ba, wa ya taɓa masa abu? Na ce babu kowa, hannun ne ke samun sauƙi, ya gode wa Allah. Ya gyaɗa kai ya ce ashe yanzu har katako ma tausayinsa yake ji. Ya kife na'urar a kan tabarma ya ce a kai shi ɗaki.

Daga ranar bai sake taɓa ta ba, zauren ma ya daina fitowa. Yatsun da suka fara miƙewa suka koma suna naɗewa, da muka je asibiti likita ya tambaya ko an daina motsa hannun ne. Matarsa ta yi ta kuka tana cewa ko ciwon ne ya dawo. Ni na san ciwon, ni ce. Kunya ta hana ni magana har kwanaki, daga baya na shiga na durƙusa gabansa na faɗa masa gaskiya, na ce wallahi don kada ya wahala na yi.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni auta kamar yadda ya saba, ya ce ya sani tun ranar. Ya ce tun da ya kwanta kowa a gidan nan lallaɓa shi yake, in ya yi gardama a bar masa, in ya miƙa hannu a riga shi. Ya ce gadar nan ita kaɗai ce ba ta san ba shi da lafiya ba, yadda take jefar da kowa haka take jefar da shi, kuma duk sanda ya faɗa yakan ji shi mutum ne kamar kowa. Na yi kuka har ya ce in bari haka, kada maƙwabta su zaci ya cika.

A gabansa na kashe abin da na kunna. Ya ce zai ci gaba amma da sharaɗi, in koma aikina na da: in zauna gefe in yi ihun tsalle, ban da taɓawa. Edita, a kan hannuwana nake zama, in danne su da cinya, don na san halina. Ya faɗa ya fi a ƙirga, har zafi ya wuce damina ta shigo. Ranar da ya haye ban ma yi ihun ba, na manta, numfashi kawai na riƙe. Ya ɗago yana haki ya ce yau kam da kansa ya haye, a kawo masa shayi.

Hannun bai dawo duka ba, ba zan yi ƙarya ba, kuma har yau ina tunanin ko kwanakin nan da na ɓata masa sun rage wani abu. Abin da na gane shi ne, ba wahalarsa nake gudu ba, tawa ce, ni ce ba na iya jure kallo. Don haka ina roƙon duk mai jinyar wani nasa, kafin ka miƙa hannu ka tambaye shi ko yana so, kada ka raba shi da ɗan abin da ya rage yana yi da ƙarfinsa. Yanzu Yaya ne ke sa maɓallan rigarsa. Yakan daɗe a kan na wuya, yatsan yana zamewa, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa na harɗe hannuwa a baya ina jiransa.